Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC: ana ƙirga mana pepa, ba a karanta su

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni malami ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke jihar Filato, a Jos nake zaune, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma kusan shekara shida kenan mujallu suna turo min pepa, wato rubutun binciken ilimi, in duba musu kafin a buga, aikin da nake yi kyauta ban taɓa karɓar sisi a kai ba. Na daɗe ina son rubuto maka wannan wasiƙar ina fasawa, saboda duk abokin aikin da na yi wa zancen sai ya ce Malam ka rufa wa kanka asiri, kai ma fa faramoshin kake jira, waɗanda za ka taɓa su ne za su zauna a kan fayil ɗinka. Gaskiya suka faɗa. Amma abun da ya faru da ni a daminar bara har yau ya ƙi barin raina.

An turo min wata pepa daga mujallar wata tsangayar kimiyya, ba zan faɗi jami'ar ba. Magana ce a kan ruwan rijiyoyin da ke kusa da tsofaffin ramukan haƙar kuza, irin waɗanda suka cika yankin Bukuru da Barikin Ladi, masu binciken suka ce sun auna dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan, sun samu lafiya lau ne a sha. Da na zauna da teburan lissafin sai na ga lambobin rani da na damina iri ɗaya ne sak, rijiya goma sha biyu, har lambobin bayan ɗigo babu wadda ta motsa. Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa jefa guga a rijiya a ƙasar Jos ya san ruwan watan Maris ba shi ne ruwan watan Agusta ba, ko launinsa ma ba ɗaya ba ne. Sannan sunaye bakwai ne a kan pepar, biyu daga ciki fanninsu ko hanya bai haɗa da kimiyyar ruwa ba. Na rubuta rahoto shafi uku, na ce kar a buga, a nemi su kawo littafin ɗakin gwaji da suka rubuta awon a ciki. Bayan sati uku sai ga pepar ta fito a shafin mujallar, ko waƙafi ba a canja ba.

Na kira editan, dattijo ne da nake ganin girmansa, ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Malam ka yi haƙuri, sun riga sun biya, kuma na farkon nan zai shiga asesimen ɗin ƙarin girma wannan zangon, kar mu zama sanadin hana bawan Allah cin abinci." Ban yi masa rashin kunya ba. Amma da na ajiye wayar abun da ya faɗo min a rai shi ne Zamfara, 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara ɗari huɗu ko fiye a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta. Dalma ba abun wasa ba ce, tana cin ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da uwarsa ta gane ba. Gobe idan wani jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ko wata ƙungiyar agaji suka shiga intanet suna neman ko an taɓa auna ruwan wannan yankin, wannan pepar za su gani, da tambarin jami'a da lambar ISSN da sunan farfesa a kai, su ce ai an auna. To hakkin yaran da za su sha ruwan a wuyan wa yake?

Ba editan kaɗai nake zargi ba shi ya sa ma na rubuto maka ba shi ba. Na san kowace jami'a majalisarta ce ke tsara ƙa'idar ƙarin girma, ba ofishinka ba, amma hukumarka ce ke zuwa akreditashon, wato tantance kwasa-kwasai, ita ke tambayar farfesa nawa gare ku, masu digiri na uku nawa, wallafa nawa, kuma idan NUC ta yi tari daga Maitama babu shugaban jami'ar da ba ya ji. Tsarin da muke ciki yanzu ƙirga ne kawai. Kana son zama babban lakcara, kawo pepa kaza, kana son zama farfesa, kawo kaza, kashi kaza na gida kashi kaza na waje, a ba kowace maki, a tara, idan ta kai ka wuce. Na taɓa taya wani kwamiti shirya fayiloli, na ga da idona yadda ake yi, a buɗe shafin farko a duba sunan mujalla da shekara da matsayin sunan mutum a jerin marubuta, a rufe. Wanda ya shekara uku yana bin manoman dankali a Bokkos da Mangu yana tattara bayanai ya fitar da pepa ɗaya mai nauyi, da wanda ya zauna a ofis ya yanka firojet ɗin ɗalibinsa gida huɗu ya canja musu take, na biyun shi ke gaba da maki. Idan haka tsarin yake, me kake tsammanin matashin lakcara mai iyali da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata zai zaɓa?

Daga nan ne kasuwar ta buɗe. Akwai na waje, masu turo imel kullum da asuba suna kiranka babban masani suna cewa turo yau a buga cikin kwana bakwai. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver a Amurka, Jeffrey Beall, shi ya fara tara sunayen irin waɗannan mujallun masu farautar marubuta, har ya sauke jerin nasa a watan Janairun 2017. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, OMICS na ƙasar Indiya, wata kotun Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 50 a 2019 saboda yaudarar masu bincike. Amma abun da ya fi yi min ciwo shi ne gwajin da ɗan jarida John Bohannon ya yi a 2013 ya buga a mujallar Science. Ya ƙirƙiri pepar ƙarya kan wani sinadari wai yana maganin sankara, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin aji biyu zai gano, ya tura wa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Kuma sunayen da ya ƙirƙira wa marubutan da cibiyoyinsu na Afirka ne. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai in ji kunya ta kama ni, domin irin rigar da aka ga ta dace da pepar banza kenan, rigarmu.

To amma ranka ya daɗe, waɗancan na waje kowa na zaginsu, zaginsu ba ya da tsada. Na gida su ne ba a son a taɓa. Kusan kowane sashe yanzu yana da mujallarsa, kowace tsangaya da tata, kowace ƙungiyar malamai da tata, wasu nagari ne wallahi, na san editocin da ke kwana suna gyaran rubutun mutane ba ko kwabo, amma da yawa sun zama hanyar samun kuɗin shiga kawai. Ka biya kuɗin dubawa, ka biya kuɗin bugawa, wani lokacin ma a akawun ɗin mutum ɗaya ba na makaranta ba, da alat ya shiga takardar karɓa ta fito. Akwai mujallar da za ka ga fitowar 2021 ce amma a 2024 aka buga ta, an mayar da kwanan wata baya don ta shiga cikin shekarun da wani ke buƙata a fayil ɗinsa. Akwai wadda za ka ga jerin kwamitin editoci da sunayen manyan farfesoshi har na ƙasashen waje, ka tambayi ɗaya daga ciki ya ce shi bai ma san da zamanta ba. Kuma mutanenmu da yawa sun ɗauka lambar ISSN shaidar inganci ce, alhali lambar rajista ce kawai da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, kamar lambar mota, ba ta nuna injin na da lafiya.

Sai maganar "sa sunana". Wannan ta zama ruwan dare har ba a jin nauyin faɗinta a ɗakin shan shayi. Ka sa ni a taka in sa ka a tawa, mu biyar kowa ya rubuta ɗaya kowa ya tashi da biyar. Ko a ce kuɗin bugawa dubu sittin ne, mu shida kowa ya kawo dubu goma, shikenan ka zama marubuci. Mafi muni shi ne abun da ake yi wa ɗalibai. Wata ɗalibar digiri na biyu ta zo ofishina tana hawaye, ita ta yi yawon asibitoci da kuɗin mijinta, ita ta yi lissafin, ita ta rubuta, da pepar ta fito sunanta ne na huɗu, bayan sufabaiza da shugaban sashe da wani da ba ta taɓa gani ba. Ta ce min Malam in na yi magana ba zan yi difens ba, wato ba za a bar ni in kare kundin digirina ba. Na rasa abun da zan ce mata, domin na san haka ne. Alhali ƙa'idar a rubuce take, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya ce kafin a kira mutum marubuci sai ya ba da gudummawa ta gaske a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da abun da za a buga, kuma ya yarda zai amsa tambaya idan an samu matsala. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni a wurina. Su bakwai ɗin nan na pepar ruwa, a tara su a ɗaki a ce wa ya ɗebo ruwan rijiya ta tara, ranar yaushe, da wace na'ura aka auna, a ga mutum nawa za su ɗaga hannu.

Akwai kuma takardar izinin kwamitin ɗa'a ga binciken da ya shafi mutane. Mu 'yan Arewa bai kamata a koya mana muhimmancin wannan ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a binciken da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Kowa ya san irin rashin yardar da wannan ya shuka, da yadda ya ƙara wa jita-jitar allurar shan inna ƙarfi a 2003. Yau muna da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ƙa'idarsa tun 2007. Amma sau nawa na ga pepa an ɗebi jinin mata masu ciki ko an yi wa 'yan gudun hijira tambayoyi kan abun da suka gani a rikici, a rubuta layi ɗaya cewa an samu izini, ba lamba, ba sunan kwamiti, ba kwanan wata, kuma babu editan da ya tambaya.

Wani abun da nake so ka lura da shi, a duk shekarun nan ban taɓa ganin mujallar sashe ko tsangaya a nan kusa da mu ta janye pepa ta rubuta dalili a fili ba. Ko ɗaya. Ba don ba ma kuskure ba ne, sai don babu hanyar da aka tanada, kuma janyewa a wurinmu tonon asiri ne. A waje kuwa har mujallar Lancet, da duk girmanta, a 2010 ta janye pepar Andrew Wakefield ta 1998 wadda ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga. Ta makara ƙwarai, shekara goma sha biyu, an riga an yi ɓarna, amma dai ta janye. Kwamitin ɗa'ar wallafa na COPE da wasu editocin mujallun likitanci suka kafa a Ingila a 1997 yana da jagora mataki mataki kyauta a intanet, abun da edita zai yi idan ya yi zargin satar fasaha, idan ya yi zargin ƙirƙirar bayanai, idan marubuta sun yi rigima kan suna. Editocinmu nawa suka taɓa buɗe shi?

Yanzu kuma ga ChatGPT da 'yan uwansa tun ƙarshen 2022, ana kawo min pepa da madogarar da babu su a duniya, sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, amma pepar ba a taɓa rubuta ta ba. Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ba ya kama wannan, shi kamanceceniyar rubutu yake nunawa, kuma ɗalibanmu sun riga sun iya juya kalmomi har kason ya sauko ƙasa da abun da makaranta ta yanka. Sai mutum ya zauna ya karanta.

Dan Allah kar a ce maganin shi ne kowa ya tafi Scopus, wato babban jerin mujallun duniya da aka tantance. Na ga wasu makarantun sun ɗauki wannan hanyar, na fahimci dalilinsu, amma ba ta isa ba. Na farko, manyan ma ba su tsira ba, a 2023 kaɗai an janye pepa sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga ciki na kamfanin Hindawi ne wanda Wiley ya saya a 2021, galibi saboda masana'antun ƙera pepa da ke sayar da gurbin suna. Na biyu kuɗi, mujallu da yawa suna neman dala dubu ɗaya, dubu biyu, har fiye, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 wannan kuɗin ya fi albashin wata da watanni na lakcara. Na uku, wanda ke nazarin waƙoƙin baka na Hausa ko harshen Berom ko Ngas ko tarihin masarautun Filato, masu karatunsa na gaskiya suna nan gida, idan muka kashe mujallun gida mun kashe wannan ilimin. Gyara su ya kamata a yi.

Kuma ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. Afirka ta Kudu tana da jerin mujallun da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da su, kuma cibiyar kimiyya ta ƙasar tana bin mujallun gida tana tantance su fanni fanni. Shafin AJOL na mujallun Afirka da aka fara a 1998 cike yake da mujallun Najeriya, yana da ma'aunin da yake auna tsarin aikin mujalla da shi, ga DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, tun 2003 da nasa sharuɗɗan. Abun da nake roƙo shi ne NUC ta zauna da kwamitin shugabannin jami'o'i da Cibiyar Kimiyya ta Najeriya da ta Adabi a fitar da jerin mujallun gida da aka tantance, a riƙa sabunta shi, kuma tantancewar kar ta zama cike fom, a je a ce edita ya buɗe fayil ya nuna rahoton masu dubawa na pepa goma da aka zaɓa ba tare da saninsa ba, ya nuna guda nawa ya ƙi karɓa a shekarar, ya nuna akawun ɗin da kuɗi ke shiga. Mujallar da ba ta taɓa ƙin pepa ba ai ba sai an yi dogon bincike ba. Ina tsoron abu ɗaya dai, kar jerin ya zama wata sabuwar kasuwar da za a riƙa bin ƙafa a Abuja don a shiga, shi ya sa dole a wallafa dalilin shigar kowace mujalla da dalilin cire ta kowa ya gani.

TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ita ma tana da hannu a nan tunda tana ba makarantu tallafin buga mujallu, kuma tsakanin ofishinku da nasu duk cikin Maitama ne. Kuɗin jama'a ne. A ɗaura masa sharaɗi, ba tallafi sai mujalla tana da rubutacciyar ƙa'idar janye pepa, da ta waye marubuci, da ta abun da za a yi idan edita ko shugabansa ne ya turo pepa, domin na ga fitowar da edita ke da pepa uku a ciki. A ware wani abu a horar da editoci da masu dubawa, yawancinmu babu wanda ya koya mana, da ka muka koya. Kuma a sa aikin dubawa ya zama yana da maki a faramoshin, domin yanzu wanda ya kwana biyu yana duba aikin wani bai samu komai ba, shi ya sa nagari ke gudu a bar wa masu rubuta "ya yi kyau a buga" cikin minti biyar.

Amma babban abun, wanda in ba a taɓa shi ba sauran duk aikin banza ne, shi ne ƙirgar nan. Tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Francisco da ake kira DORA suna cewa a auna aikin da kansa ba sunan mujallar da ya fito a ciki ba. A ce wa mai neman ƙarin girma ya zaɓo ayyukansa biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta abun da shi da kansa ya yi a kowanne, a tura wa masu tantancewa na waje su karanta da gaske, a biya su a kan lokaci, in ya kama a kira shi ya kare aikin baki da baki. Ranar da pepa ta ashirin ta daina ƙara wa mutum komai, ranar masu sayar da takardar karɓa za su rasa kwastoma.

Sannan a buɗe wata ƙofa da ƙaramin malami ko ɗalibi zai kai ƙara ba tare da ta bi ta teburin wanda yake ƙara ba. Ɗalibar nan da na ambata ta gama, ta karɓi takardarta, ta ce ita da harkar jami'a har abada, yanzu tana koyarwa a wata sakandare a hanyar Bauchi, kuma tana cikin masu ƙwazon da na taɓa gani. Ni kuma na daina duba wa waccan mujallar aiki, na rubuta musu dalilina, ba su amsa ba.

Pepar ruwan tana nan a intanet har yau, makon jiya ma na sake buɗe ta, na ga wani ɗalibi ya riga ya kafa hujja da ita a firojet ɗinsa cewa ruwan yankin ba shi da matsala. Rahotona na shafi uku da imel ɗin da aka turo min da kwanan watansu duk suna hannuna. Idan hukumarka ta buɗe ƙofar da za a karɓa a bincika, zan shiga mota daga Jos in kawo su Maitama da kaina, in sa hannu da cikakken sunana. Kafin nan ina roƙon a sa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya je ya sake auna rijiyoyin nan goma sha biyu, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina.

Wassalam.

Naka,
wani malami daga Jos, jihar Filato